Antin da ɗiyata ke kallo a TikTok ta rasu, ciwonsu ɗaya, na rasa yadda zan gaya mata

Maman yara, Gusau:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman wurin iyaye masu 'ya'ya 'yan sikila da waɗanda ciwon ke jikinsu.

Ni tela ce a Tudun Wada nan Gusau. 'Ya'yana huɗu, ta biyun ce mai SS, wato sikila, shekararta goma. Ni da babansu duka AS ne, wato muna ɗauke da ƙwayar gadon ciwon amma ba ya tashi mana, kuma lokacin da aka ɗaura mana aure babu mai zancen gwajin jini a unguwarmu. Sai da yarinyar nan ta fara kumburin hannu da ƙafa tun ana goyonta sannan muka san abin da ke akwai.

Akwai wata budurwa 'yar Arewa, ɗalibar jami'a, da ta daɗe tana saka bidiyo a TikTok da Instagram kan zamanta da sikila. Ba zan faɗi sunanta ba, iyayenta ba su gama share hawaye ba. Ɗiyata na ce mata Anti Mai Gora, don ba ta taɓa fara magana sai ta ɗaga wata shuɗiyar gorar ruwa ta kurɓa, ta dubi mutum ta ce, "To, kun sha naku?" Kafin mu san ta, shan ruwa da haɗiyar folik asid yaƙi ne a gidana. Sai na yi lallashi, na yi faɗa, wani lokaci har na ɗauko tsintsiya. Daga baya ita da bakinta ta ce a sayo mata gora irin ta Anti, kuma duk safiya ita ke tuna mani da ƙwayar. Lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara cikin Satumban 2021, kuka ta riƙa yi, sai da ƙanena da ke karatu a Zariya ya sauko mana da bidiyoyin a memori ya aiko direba da shi. Har yau memorin na cikin akwatin zarena.

Abin da ya sa ta shiga raina, ba ta ƙawata ciwon. Ran da take lafiya za ka gan ta ta ci kwalliya ta tafi lakca, tana tsokanar ƙawayenta. Ran da ya tashi kuma za ta nuna maka gadon asibiti. Akwai bidiyo ɗaya da ba ya barin idona: hannunta da jan lalle na bikin yayarta, an manna allurar ƙarin ruwa a bayan hannun da filasta, farin idonta ya koma ruwan ɗorawa, tana nuna wa nas jijiyar da ta fi saurin samuwa tana cewa, "Wannan ta gaji, gwada waccan." Ɗiyata ta kalli wannan ba adadi. Da aka kwantar da ita bara, haka ta miƙa hannunta ta faɗa wa nas kalma a kalma, ba ta yi ihun da ta saba ba.

Da hunturun nan ya shigo Anti ta kwanta. Da farko ciwon ƙafa da baya ne kamar kullum, sai ya koma ƙirji. Bidiyonta na ƙarshe da robar iska a hanci ta yi shi, tana magana tana tsayawa ta ja numfashi, ta ce an ƙara mata jini leda biyu, a sa ta a addu'a. Daga nan shiru. Ina kan keke ina kalmasa bakin zane na ɗauki waya, sai ga sanarwa daga yayanta a shafinta, rubutu fari a kan baƙi, Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, jana'iza bayan La'asar. Kasa ƙarasa ɗinkin na yi. Na shiga ɗaki na yi kuka irin wanda rabona da shi tun rasuwar mahaifiyata, har maigidan ya shigo yana tambaya wa ya rasu a danginmu. Da na faɗa masa sai ya yi shiru ya ce, "Allah ya jiƙanta, amma kin taɓa ganinta ne?" Ban taɓa ba. Sau ɗaya ta amsa mani sharhi, ta ce in gaida ƙanwarta, wato ɗiyata.

Yanzu ga matsalar. Yarinya kullum ta dawo Islamiyya sai ta ce, "Mama, Anti ta saka sabo?" Ina ce mata Anti ba ta da lafiya. Babanta ya ce kada a gaya mata sam, tashin hankali kaɗai ya isa ya tayar mata da ciwo, ga sanyi. Kakarta ta ce a goge bidiyoyin a jefar da memorin, yaro mantuwa gare shi. Ni kuwa na san ɗiyata, ba ta mantuwa. Kuma na san abin da za ta tambaye ni in ta ji, shi ne abin da ke hana ni barci. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa mani yadda ya yi. Kuma ko wannan kukan da nake yi wa wadda ban taɓa haɗuwa da ita ba ya wuce gona da iri?

Ma'aikaciyar jinya, Birnin Kebbi:

Wa alaikumus salam Maman yara. Allah ya jiƙanta, ya ba ki juriya.

Ki gaya mata, kuma kada ki ja lokaci. 'Yar shekara goma da ke zuwa Islamiyya za ta ji a bakin wata mai wayar yayarta, a tsakar makaranta, ba ke a kusa. Tsoron maigidanki ba shirme ba ne, damuwa na iya tayar da ciwo, amma ki zaɓi ranar da take da ƙarfi, ta ci abinci, tana cikin ɗumi, ya fi a ce labarin ya faɗo mata a hanya.

Abin da na fi ji wa tsoro ba kukan ba ne. Yarinyar nan ta ga Anti ta sha ruwa, ta sha magani, ta bi duk ƙa'ida, kuma ta rasu. Tana iya cewa a ranta to mene ne amfanin gorar. Na ga yara manya sun watsar da magani bayan rasuwar abokin jinyarsu. Don haka kada ki ce mata Anti ta yi sakaci, ƙarya ce kuma za ta gane. Ki ce ruwa da magani su suka kai Anti jami'a, suka ba ta ranakun da take dariya, kwana kuwa na Allah ne. Kuma ki faɗa mata ciwon suna ɗaya gare shi amma kowane jiki da yadda yake ɗaukarsa, har 'yan ɗaki ɗaya ba sa zama daidai.

Yadda kika kwatanta, ya yi kama da ciwon ƙirji na masu sikila. Jajayen ƙwayoyin jinin mai lafiya suna kai kwana 120, na mai SS kwana 10 zuwa 20 ne suke mutuwa, shi ya sa jini ke ƙaranci ido ya yi ɗorawa. Kuma idan sun lanƙwashe sai su toshe ƙananan hanyoyin jini. A ƙashi shi ne ciwon da kika sani. A huhu kuwa, ko in wata cuta ta kama huhun, iska ke kasa shiga jini, ƙwayoyin su ƙara lanƙwashewa, abu ya yi ta hawa. Sau da yawa bayan an kwantar da mutum kan ciwon ƙashi da kwana biyu ko uku yake ɓullowa. Alamominsa zazzaɓi, tari, ciwon ƙirji, numfashi da sauri. Idan kin ga haka, ko zafin jiki ya kai 38.5, asibiti kai tsaye ko tsakar dare ne, ba kemis ba. Ki ajiye ma'aunin zafi a gida.

Tambaya gare ki, an taɓa yi maku maganar wani magani, haidroksiyuriya? Yana ƙara irin jinin da jariri ke zuwa da shi duniya, wanda ba ya lanƙwashewa, yana rage yawan tashin ciwo da wannan na ƙirjin. Likita ne ke sa shi gwargwadon nauyin yaro, ana bin sa da gwajin jini lokaci zuwa lokaci, ba a saye a fara sha haka kawai. A Kano aka yi babban bincike a kansa don kare yara daga shanyewar ɓarin jiki. Akwai kuma hoton jijiyoyin kai da ake so a riƙa yi wa 'yan shekara 2 zuwa 16 duk shekara. Sai gidan sauro, don Allah. Mu nan Kebbi maleriya ta yi mana yawan da da mu da Bayelsa aka fara allurar rigakafinta a Disamban 2024, kuma maleriyar ce ta fi kawo mana 'yan sikila jini ya ƙare.

Mai gyaran waya, Talata Mafara:

Hajiya sannu da haƙuri. Ni SS ne, shekarata 43, matata guda da ɗiya ukku. Na karanta wagga magana taki sai da nit tashi daga kan benci na zagaya bayan shago.

Ina ɗan shekara tara anka kwantar da ni asibiti, gadona kusa da na wani yaro, ciwonmu guda. Kullum tare muke, in an kawo mai fura sai ya raba da ni. Wata sahiya na farka na iske an naɗe katihwa tai, an ɗauke kwanoninsu. Na tambayi Inna, tac ce an sallame su sun tahi gida. Amma ta juya baya tana gyaran kayan da ba su buƙatar gyara. Nan take na gane. Abin da wanga ɓoyo ya jawo man, na yi shekaru duk sadda manya sunka yi shiru in na shigo ɗaki, ko likita ya ja Baba waje, sai in ce tawa ta zo suna ɓoye man. Ko gaskiya anka hwaɗa man cewa na samu sauƙi ban yarda. Allah ya jiƙan Inna, ƙauna ta sa ta yi, amma da ta zaunar da ni ta gaya man, da na san in ta ce lahiya lau to lahiya lau ɗin ne. Ɗiyakki za ta buƙaci ta yarda da bakinki ranar da ciwo ya yi tsanani. Kada ki kashe wagga yarda a kan labari guda.

Kuma kada ki ɗauka ba ta san da mutuwa ba. Mun sani tun muna ƙanana. Ni a gabana wata tsohuwa ta ce ma Inna ɗan wabi ne, ta daina ɓarnar kuɗi. An yi man tsaga a haƙarƙari, an yi sakiya, an ba ni jiƙo iri iri. An ce ba ni kai goma sha biyar, da na kai anka ce ashirin, da na nemi aure wani gida sunka ce ba su ba gawa ɗiya. Ga ni nan. Ƙuguna na hagu ya ci, ina ɗingishi, damina da ɗari ban da sakewa, amma da hannuna nike ciyar da gidana. Da za ni aure na tsaya sai an yi gwaji, matata AA ce, ɗiyanmu duka AS, ba mai kwana asibiti. A Legas an yi wata Alhaja Asiata Onikoyi-Laguda mai sikila, sai 2020 ta rasu tana da shekara 94. Ki gaya ma ɗiyakki wanga ma, don kada Anti ta zama ita kaɗai ce ƙarshen labarin da ta sani.

In ta tambaye ki ko ita ma mutuwa za ta yi, kada ki rantse mata cewa a'a. Ki ce kowa shina da ranar shi, mai sikila da marar sikila, kuma ke da babanta kuna tsaye kanta. Memori kuwa ki bar shi. Mu da munka tashi ba mu taɓa ganin babba mai irin ciwonmu shina dariya ba. In ya fara lalacewa ki sa a kwahe maki shi a wani, irin waɗanga ba su daɗewa.

Wani ɗalibi, Jega:

Allah ya gafarta mata. Mama ni gargaɗi kawai zan yi. In dai wadda nake zato ce, tun daren rasuwar wasu shafuka suka kwashe bidiyonta na ƙarshe, suka ɗora masa kiɗan tausayi suna neman mabiya da shi. Har na ga an liƙa lambar asusun banki wai ana tara wa iyayenta kuɗin asibiti, alhali gidansu ba su nemi komai ba. Kada ki tura ko sisi sai kin ji daga bakin danginta. Kuma kada ki bar wa yarinyar waya ita kaɗai kwanan nan, manhajar ta riga ta san abin da kuke kallo, da kin buɗe wancan bidiyon na robar iska za ta fara kawo maku.

Ni gaskiya abin nan ya sa na fara tunanin ko ya dace mutum ya riƙa nuna jinyarsa ga duniya. Ga shi ta tafi, hotonta a gadon asibiti yana yawo a hannun waɗanda ba su san darajarta ba.

Malamar Islamiyya, Ƙaura Namoda:

Ƙanwata, kukanki bai wuce iyaka ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ke barin duniya, ya bayyana cewa ido na hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma harshe ba ya faɗin sai abin da Allah ya yarda da shi. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yage tufafi da marin fuska. Batun ba ku taɓa haɗuwa ba kuwa, Najjashi sarkin Habasha a ƙasarsa ya rasu, Annabi ya sanar da sahabbai a Madina a ranar, ya kira shi ɗan'uwansu, ya fita da su suka yi masa salla, alhali mafi yawansu ba su taɓa sa shi a ido ba. Yarinyar da ta taya ki renon ɗiyarki shekara da shekaru ba baƙuwa ba ce. Takaba dai ta matar mamaci ce, wata huɗu da kwana goma, sauran mutane kwana uku ne, bayan nan ki koma kan kekenki, addu'a kuma ba ta da wa'adi.

Ɗana na Jega, gargaɗinka kan masu asusun ƙarya daidai ne, amma ban bi ka a ƙarshen maganarka ba. Laifin masu kwasar bidiyo nasu ne. Ita ta koya wa 'yar shekara goma a Gusau shan magani da miƙa hannu ga allura, kuma ilimin da ake amfana da shi yana cikin abubuwa uku da ladarsu ba ta yankewa bayan mutuwa. Ina kyautata mata zaton samun wannan. Abin da zan ce, Maman yara, ki zauna ki tace memorin. Duk inda ciwo ya galabaitar da ita, ko kanta ya buɗe a gadon asibiti, ki goge, wannan suturta mamaci ne. Na koyarwa da na raha ki bari.

In kin gaya wa yarinyar, ki ba ta abin yi. Yaro ba ya iya zama da baƙin ciki hannu sake. Ki koya mata addu'ar da ake yi wa mamaci, ki bar ta ta yi sadaka da hannunta. Sa'adu ɗan Ubada da mahaifiyarsa ta rasu ya tambayi wace sadaka ta fi, aka nuna masa shayar da ruwa. Kuma ki shawo kan babanta tukuna, ku gaya mata tare. Kada ki tsallake shi.

Maman yara, Gusau:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Yaya na Mafara, maganarka na karanta wa maigidan daga farko har ƙarshe. Da na kai wurin katifar sai ya ce in dakata, ya fita tsakar gida ya daɗe, ya dawo ya ce a gaya mata ranar Juma'a in ya dawo masallaci.

Shi ya fara magana ma, ni muryata ta ƙi fita. Ba ta yi kuka nan take ba. Ta tambaya ko Anti ta ji zafi, na ce ta ji, amma likitoci na kanta kuma mamanta na riƙe da ita. Sai ta ce, "Mama, shekarunta nawa?" Na faɗa mata. Na ga tana lissafi da yatsu a kan cinyarta, ta cire goma. Babanta ya kama hannun ya ce akwai wani kawunta a Mafara mai irin ciwonta, shekararsa 43, yana da shago da 'ya'ya uku, akwai kuma wata tsohuwa a Legas da ta kai 94. Ta ce da gaske? Ya ce wallahi. Sai a lokacin ta fashe da kuka, ta yi mai isarta, ta ƙi cin tuwon dare, a bayana ta kwana. Jikinta bai tashi ba, alhamdu lillahi. Washegari ba ta taɓa gorar ba sai da na yi magana, Anti nas kin yi gaskiya, ina sa ido a kan wannan. Malama, mun sayi ruwan leda jaka biyu ta kai Islamiyyarsu ta raba da kanta. Memorin ban iya buɗe shi ba tukuna, sai na ƙara samun ƙarfi.

Haidroksiyuriya ba a taɓa sa mata ba, folik asid da Paludrine na kariya daga maleriya kawai take sha. Ranar Talata muke da ganin likita, zan tambaya, har da hoton kan.

Ma'aikaciyar jinya, Birnin Kebbi:

Madalla. Ki tafi da duk takardun gwajin jininta na baya da katin asibiti, ki rubuta sau nawa aka kwantar da ita cikin shekarar nan da sau nawa aka ƙara mata jini, da su likita zai duba. In babu na'urar hoton kan a inda kuke zuwa, ki roƙi takardar tura ku babban asibitin koyarwa. Sauran yaran uku kuma, in ba a gwada su ba, a gwada su ranar gaba ɗaya.